Kowace Mota Da Iyakar Kayanta: Jawabi Kan Lodin A-kori-kura Da Jan Tirela

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta Darmanawa)

 



Gabatarwa

A irin wannan taro mun saba tattaunawa a kan makaranta da ruwan sha da magudanan ruwa da tarbiyyar matasa. A bana kwamitin shirye-shirye ya ga dacewar mu taɓo wani al'amari da yake ratsa dukkan waɗannan ayyuka, wato yadda kayan da muke aikowa gida suke isowa. Simintin ginin aji, da tankin rijiyar burtsatse, da buhunan hatsin rabon azumi, da ragunan layya, duk a bayan mota suke zuwa, kuma akasari a bayan motar da muke kira a-kori-kura. A 'yan shekarun nan kuma an fara ganin wasu daga cikinmu suna ɗaura wa irin wannan mota ƙaramar tirela a baya, domin jan janareta ko injin kwaɓa siminti ko tankin ruwa.

Abin da muke son mu isar a wannan jawabi guda ɗaya ne. Kowace mota tana da iyakar nauyin da maƙerinta ya ɗiba mata, iyakar nan a rubuce take a jikinta, kuma wajibi ne a yi lissafinta kafin a ɗora kaya. Injin mota yana iya tayar da kayan da birkinta da tayoyinta ba za su iya tsayar da su ba. Yawancin asarar da ake yi a hanya daga wannan tazara take fitowa.

Darasin Da Fatake Suka Bar Mana

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, dukiyar wannan ƙasa a bayan jaki da raƙumi da takarkari take tafiya. Fataken da suka yi ta safarar goro daga Gwanja suna shafe watanni a hanya, kuma sun san cewa dabbar da aka danne da kaya a ranar farko ba za ta kai zango na goma ba. Saboda haka madugu ba ya barin ayari ya tashi sai an duba ɗaurin kaya, an daidaita nauyin dama da na hagu, domin mangalar da ta rinjaya gefe guda ita ke yi wa jaki gyambo a baya. Mutanen nan ba su da sikeli irin namu, amma sun riƙe ƙa'idoji biyu: kada kaya su fi ƙarfin abin hawa, kuma kada su zauna a inda bai dace ba.

Da mota ta zo sai muka ɗauka ƙarfe ba ya gajiya. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, kuma dattawanmu suna tune da yadda a-kori-kura ƙirar 404 da 504 suka cika kasuwannin ƙauye. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta zama ita ce abin kwatance wajen juriya. Juriyar nan ce ta ruɗe mu. Jaki idan kaya suka yi masa yawa yakan durƙushe tun a ƙofar gida, kowa ya gani. Mota kuwa takan haɗiye wahalarta ta tashi, sai an yi nisa, ana cikin gudu, sannan ta bayyana abin da ke damunta.

Lambobi Huɗu Da Ke Jikin Kowace Mota

Duk wanda ya buɗe ƙofar direba ya duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, ko ya ɗaga murfin inji, zai ga wani ɗan faranti ko takarda a manne. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Turai, irin waɗanda muke kira 'yan Kwatano, farantin yana ɗauke da lambobi huɗu a jere, duk da ma'aunin kilo.

Lamba ta farko ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya, wato ita kanta, da manta, da direba, da fasinjoji, da duk abin da aka ɗora mata. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota da tirelar da take ja idan aka haɗa su wuri guda. Ta uku, wadda ake sa wa alamar 1, ita ce iyakar abin da ƙafafun gaba za su ɗauka. Ta huɗu, mai alamar 2, ita ce ta ƙafafun baya. A motocin da aka shigo da su daga Amurka kuwa za a ga haruffan GVWR a gaban iyakar nauyin mota gaba ɗaya, da GAWR a gaban iyakar ƙafafun gaba da na baya. A nan sai a yi hattara, domin Amurkawa da laba suke awo, kuma kilo ɗaya daidai yake da laba 2.2. Wanda ya ga 1,500 ya ɗauka kilo ne, alhali laba ce, ya ninka wa motarsa kaya fiye da sau biyu, domin laba 1,500 ba ta wuce kilo 680 ba.

Idan aka cire nauyin motar tana wofi daga lamba ta farko, abin da ya rage shi ne haƙiƙanin kayan da za ta ɗauka. Ga yawancin a-kori-kura irin su Hilux, wannan adadi yana kewayen tan ɗaya ne, wato kilo 1,000. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a cikin tan ɗayan nan ake lissafa mutanen da ke zaune a ciki, da kejin ƙarfen da mai walda ya ɗora a kan bodi, da ƙaton bamban da aka ƙara a gaba, da jarkokin mai na guzuri. Ƙara ganyen sifirin, kamar yadda ake yawan yi a garejojinmu, yana hana bayan mota zaunawa, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba, bai kuma sauya lambar da ke jikin faranti ba. Iyakacin abin da ya yi shi ne ya ɓoye alamar da ido zai gani ya gane cewa kaya sun yi yawa.

Inda Tirela Ke Cin Rabon Bodi

'Yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila sun san yadda mutanen can suke jan ɗakin tafi-da-gidanka a bayan mota idan za su tafi hutu, ɗaki mai gado da kicin da tankin ruwa. Masu sayar da motoci a can sukan yi talla da cewa mota kaza tana jan tan uku da rabi, kuma gaskiya ne akwai sababbin Hilux da aka amince su ja kilo 3,500 a wasu ƙasashe. Sai dai wannan adadi yana da sharaɗi: tirelar ta kasance mai birkin kanta. Idan ba ta da birki, iyakarta kilo 750 ne, kuma wannan ita ce ƙa'idar da ake bi a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai. Yawancin ƙananan tirelolin da ake haɗawa a wajen masu walda a nan gida ba su da birki ko kaɗan. Duk nauyinsu a kan birkin motar da ke gaba yake ƙarewa.

Bayan wannan akwai lissafi na biyu, wanda shi ne ya fi kuɓuce wa mutane. Tirela ba a kan tayoyinta kaɗai take tsayawa ba. Wani kaso na nauyinta yana sauka ta hancinta a kan ƙugiyar da ke bayan mota, kuma domin ta tafi daidai ana son wannan kaso ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta. Wannan nauyi na hanci a cikin rabon bodi ake cire shi.

Mu ɗauki misali, da lambobin da muka zaɓa domin sauƙin lissafi. A ce iyakar nauyin mota mai kujeru biyar kilo 3,000 ne, nauyinta tana wofi kuma kilo 2,050. Rabon kayanta ke nan kilo 950. Mutum biyar sun shiga, kowane a ce kilo 70, an ci 350, saura 600. Kejin ƙarfe da kayan gyara sun ci 80, saura 520. An ɗaura tirelar da nauyinta da kayanta ya kai kilo 2,000, hancinta ya danna 200, saura 320. Wato motar da ake yi wa kallon mai ɗaukar tan guda, abin da ya rage mata a bodi bai wuce buhun siminti shida ba, ko buhun masara uku irin mai kilo 100. Da yawa daga cikinmu a irin wannan hali buhu goma sha biyar za su ce a zuba, suna ganin ai akwai sauran wuri.

Haka nan lamba ta biyu takan hana a cika ɓangarorin biyu a lokaci guda. Idan a ce jimillar da aka amince wa motar nan da tirelarta kilo 5,500 ne, kuma aka cika motar har 3,000, to abin da ya rage wa tirela 2,500 ne, ko da takardar talla ta ce tana jan 3,500. Ƙa'idar ita ce, a cikin lambobin nan huɗu, duk wadda aka fara cimma ita ce iyaka, ko da sauran uku suna da sarari.

Girman Kaya Daban, Nauyinsu Daban

Mai lodi da ido yake awo, ido kuwa girma yake gani. Ya kamata duk mai aiko da kaya ya haddace waɗannan 'yan adadi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 1,000 idan ya cika ya cinye rabon a-kori-kura gaba ɗaya tun kafin direba ya shiga, mai lita 2,000 kuwa ya ninka shi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, guda arba'in tan ɗaya ke nan. Buhun siminti kilo 50 ne, guda ashirin tan ɗaya. Yashi ya fi duka yaudara, domin idan aka cika bodin a-kori-kura da shi daidai baki, nauyinsa yakan haura tan ɗaya da rabi, alhali katifu da kujerun roba ko sun yi tsiri sama da rufin mota ba su kai rabin haka ba.

Akwai kuma kayan da ke motsi. Tankin da ruwansa rabi ne ya fi cikakke haɗari a kwana, domin ruwan yana tafiya gefe guda ya tura motar. Shanu da raguna su ma haka suke, idan aka taka birki sai su zube gaba gaba ɗaya. Irin waɗannan suna buƙatar a rage adadi, a sa shinge a tsakani, a kuma rage gudu.

Mazaunin Kaya

Darasin mangala yana nan har gobe. Ƙafafun baya na mota kamar tsakiyar sikelin mai nama suke. Duk abin da aka ɗora a bayansu, kamar rodin da ya zarce bodi, ko buhunan da aka jera a kan murfin baya da aka saukar, ko hancin tirela, yana danna baya yana kuma ɗaga gaba. Kilo 200 a kan ƙugiya yakan zama fiye da 200 a kan ƙafafun baya, domin ƙarin daga ƙafafun gaba aka ɗebo shi. Su kuwa ƙafafun gaba su ne masu juya mota, kuma su ne ke yin kaso mafi girma na aikin birki. Da zarar sun yi sako-sako, sitiyari zai yi sauƙi a hannu kamar ba a taka ƙasa, fitilun gaba kuma su ɗaga sama suna kashe idon mai tahowa. Duk wanda ya ga mota da dare tana haska rassan bishiya maimakon kwalta, to ya ga motar da bayanta ya fi ƙarfin gabanta.

Saboda haka kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, kusa da kan mota, a ɗaure su yadda ba za su zame ba. A cikin tirela kuma ana son kimanin kashi 60 cikin 100 na kayan su zauna gaba da tayoyinta. Idan aka tara nauyi a ƙarshenta, hancinta zai yi sauƙi, kuma da an kai wani mataki na gudu, ko babbar mota ta wuce ta buga mata iska, sai ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi, har ta juya motar da ke janta. Idan haka ta fara, abin da masana tuƙi suke koyarwa shi ne a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danna birki da ƙarfi, kada kuma a yi ƙoƙarin bin tirelar da murɗa sitiyari. Bayan an tsaya sai a sauke kayan a sake jera su. Haka kuma dole ne ƙugiyar ta zama wadda aka ɗaure a jikin ƙashin motar, ba wadda aka liƙa wa bamba da walda ba, a ƙara da sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana, a kuma haɗa wa tirelar fitilun birki da na sigina.

Birki, Taya Da Zafin Ƙasarmu

Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin tafiyar mota ya zama zafi. Idan nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Idan gudu ya ninka, zafin yana ninkawa sau huɗu. Ko daga kilomita 80 zuwa 100 a awa, aikin da ke kan birki ya ƙaru da fiye da rabi. Birkin da ya yi zafi fiye da ƙima kuwa yakan daina kamawa, direba ya taka har ƙasa mota tana tafiya. Wannan ne dalilin da ya sa ake sauka gangare da ƙaramar giya idan akwai kaya.

Taya ita ma tana da iyakarta a rubuce a gefenta. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da ke nuna nauyin da za ta ɗauka: 100 tana nufin kilo 800, 104 kilo 900, 108 kilo 1,000, 112 kuma kilo 1,120, kuma wannan sai idan iskarta ta cika yadda ya kamata. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙira, alal misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da kaya suka danne takan lanƙwashe a kowane juyi, lanƙwasar nan tana haifar da zafi a cikinta. A haɗa wannan da kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, da tsohuwar tayar Kwatano, da tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas, to ba a buƙatar ƙusa kafin ta fashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan maƙwabtaka da mu a kan titin Zariya, Asibitin Ƙashi na Dala ma ba nisa, kuma babu wanda ya taɓa zuwa dubiya a ɓangaren haɗurra da zai buƙaci a yi masa dogon bayani.

Mun san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu da ke zaune a nan sun sha karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali, kuma ran fasinja da na mai tafiya a gefen hanya amana ne a wuyan wanda ya ɗora kaya da wanda ya ba da umarnin a ɗora.

Abin Da Lodi Ke Yi Wa Titunanmu

Ɓarnar ba a kan mota take tsayawa ba. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Ilinoi ta Amurka sun gina hanyoyin gwaji, suka yi ta bi ta kansu da motoci masu nauyi daban-daban dare da rana. Abin da suka gano, wanda har yau masu zanen hanya suke aiki da shi, shi ne idan nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka sau biyu, lahanin da yake yi wa hanya yana ninkawa kimanin sau 16. Wannan ne ya sa ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ciki har da Nijar, suka kafa dokar taƙaita nauyin manyan motoci a 2005, ƙungiyar ECOWAS ita ma ta amince da irin tata a 2012. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2018 ya nuna mana irin dukiya da shekarun da gyaran hanya ke ci.

A matakinmu na unguwa, kwalbatoci da murafan kwata da muke tara kuɗi muna yi da aikin gayya ba a zana su domin tifar da aka cika ta yi tozo ba. Wucewa ɗaya ta irin wannan mota takan karya abin da ƙananan motoci za su shekara suna bi bai tsage ba. Sau da yawa kuma yashin da tifar ta ɗauko na ginin ɗaya daga cikinmu ne, wanda yana can birni ya aiko da kuɗi, shi ne kuma za a sake kai wa takardar neman gudummawar gyaran kwalbatin.

Laifin Wa?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sanya lodin wuce ƙima cikin laifuffukan da dokarta ta 2007 ta tanadi hukunci a kansu, a nan Kano kuma akwai hukumar KAROTA. Amma jami'i a bakin hanya ƙarshen al'amari yake gani. Farkonsa yana wajen ciniki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabi, kuma kowa yana neman ya haɗa sawu biyu a sawu ɗaya. Mai kaya yana waya daga Abuja yana cewa a san yadda za a yi su shiga duka. Mai mota ya yanka wa direba kuɗin da zai kawo kullum, wanda ba ya samuwa sai da ƙarin lodi. Ɗan kamasho a tasha yana samun nasa ne gwargwadon abin da aka ɗora. Direba shi ne na ƙarshe a wannan jeri, shi ne mafi rauni wajen cewa a'a, shi ne kuma yake zaune a bayan sitiyari idan taya ta fashe.

Idan aka yi lissafi na gaskiya, kuɗin sawu na biyu bai kai kuɗin giyabos ko kuloci ko sifirin da ya karye ba, balle kayan da suka zube a daji, balle kuma jinyar mutum ko marayun da zai bari. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Shawarwari

Muna gabatar wa wannan zama shawarwari shida domin a duba.

Na farko, duk kayan da za a ɗauko da sunan ƙungiya, na gini ne ko na rabo, a rubuta nauyinsu a takarda kafin a nemi mota, a kuma zaɓi motar gwargwadon nauyin. Abin da ya wuce tan ɗaya a ba shi babbar mota, ko a raba shi sawu biyu, kuma a sa kuɗin hakan a cikin kasafin aikin tun farko.

Na biyu, duk ɗan ƙungiya mai a-kori-kura ya duba farantin motarsa a wannan mako, ya rubuta lambobin nan huɗu ya ajiye a cikin motar, ya kuma karanta wa direbansa. Wanda ya ƙara keji ko bamba ya kai ta sikelin auna mota, irin wanda manyan masana'antu da kamfanonin sayen amfanin gona suke da shi, ya san nauyinta na yanzu.

Na uku, wanda zai sayi tirela ya fara da lissafin motarsa kafin ya je kasuwa. Ya tambayi nauyin tirelar tana cike, ba tana wofi ba, ya cire kashi goma na hanci daga rabon bodinsa, ya kuma bar wa kansa sarari, kada ya kai har bakin iyaka. Tirela marar birki kada ta wuce kilo 750.

Na huɗu, a daina ɗora mutane a kan kaya, musamman yara da matasa a lokutan biki da ɗaurin aure da ziyarar Salla. Bodin a-kori-kura ba shi da kujera, ba shi da bel, ba shi da rufi.

Na biyar, kwamitin matasa ya nemi haɗin kan shugabannin direbobi na tashar Unguwa Uku da jami'an kiyaye haɗurra, a shirya zaman wayar da kai da harshen Hausa kafin azumi da kuma kafin Babbar Salla, lokutan da lodi ya fi yawa.

Na shida, masu gini su yi yarjejeniya da masu kawo musu yashi da bulo a kan hanyar da za su bi da yawan abin da za su ɗauko, tare da sanin masu unguwanni.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, alherin da kuke aikowa gida daga inda kuke neman halaliyarku abin godiya ne, kuma unguwar nan tana ganin amfaninsa. Abin da muke roƙo shi ne a cika alherin da minti biyar na lissafi: nawa motar ke ɗauka, nawa mutane suka ci, nawa hancin tirela ya ci, nawa ya rage. Idan direba ya ce kaya sun yi yawa, a saurare shi, a ƙara masa kuɗin sawu. Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

 Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya sa albarka a dukiyoyinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya kuma nuna mana taron baɗi da rai da lafiya.